Ƙibar Tarwaɗun Tsoho Kuang

"Lafiya lau, Kaka, in dai wayar gari da mataccen ƙwai lafiya ce," in ji Shuyin, ko ɗagowa ba ta yi ba.

Tana durƙushe a bakin kwamin ƙyanƙyasa, tana tsince fararen ƙwai da gashin agwagwa. Ƙwan tarwaɗa idan ya yi fari, ya mutu. Karo na biyu ke nan a bana. Tafki ɗaya na iyayen kifi ya rage, kuma ta riga ta shaida wa kakanta, Tsoho Kuang, cewa idan na ukun ya lalace za ta koma aikin masaƙa a birnin Wuhan.

"Fuskarki suka gani suka fasa fitowa," in ji tsohon. "Ni ma da na sani da ban fito ba."

"Ai da ka taimaki gari. Kaka, jiya na farke uwa ɗaya. Kitse ne dam a cikinta, kamar kai ranar sabuwar shekara."

"To, madalla! Wa ke kwaɓa musu abinci? Ni. Sai ki gode."

"Man kifin da na ce ka riƙa zubawa fa?"

"Wannan ruwan ƙarnin? Yarinya, mai ciki maiƙo ake ba ta. Kakarki da kitsen alade ta haifi bakwai."

Gashin agwagwar ya faɗi daga hannun Shuyin.

"Kitsen alade ka ba su? Tun yaushe?"

"Tun sanyi. Dube su, sai sheƙi."

"Ita kakar tawa ƙwai ta saka a ruwa? Irin maiƙon da uwa ta ci shi take zuba wa ƙwanta, da shi ido da ƙwaƙwalwar ɗan ke ginuwa. Naka a tumbi yake tsayawa. Shi ya sa 'yan da suka fito duk a karkace suke, kamar bayanka."

"Bayana ɗaukar ki ce ta karkata shi, mummuna!"

Wajibi ne a yi wa tsohon adalci a nan. Bai yi don mugunta ba. Wanda ya sha yunwa da ƙuruciya yakan ɗauki ƙiba a matsayin lafiya, kuma kuskuren da aka yi da kyakkyawar niyya ya fi wuyar gyara, domin mai shi ba ya jin kunyarsa. Shuyin ta san haka, saboda haka ba ta yi faɗa ba. Zama kawai ta yi a ƙasa.

"Na gaji, Kaka. Mako shida suka rage lokacin saka ƙwai ya wuce. Bari in je in haɗa jakata."

Tsohon ya dubi fararen ƙwan.

"Mako shida zai isa su rame?"

"Wataƙila. In akwai man kifin."

Ya laluba wuyansa, ya ciro ɗan mabuɗi ya jefa mata a cinya.

"Jarka huɗu, a akwatin ƙarƙashin gadona. Ko buɗe su ban yi ba."

"Wata biyar kana kwana a kan ƙarni? Ni kuwa na ɗauka tsufa ne!"

Dariya ta ƙwace masa har da tari.

"Kwashe, ki ramar da su. In kin tafi Wuhan, wa zan riƙa zagi da safe? Kifi ba ya ramawa."