Ta'aziyyar Baba Mai Gashin Baki

Ba zan taɓa mantawa ba, shekarar da aka ce kamfaninmu zai buɗe sabon reshe a Challawa ce na ɗauko wa kaina Dala ba gammo. Ina aiki a sito na wani kamfanin roba a Sharada, inda muke yin bokitai da butoci da kujeru. Na daɗe a wurin, har na kai matsayin da sababbin ma'aikata ke ce min Oga idan suna son safar hannu, su kira ni da sunana idan sun samu. Da labari ya bazu cewa za a naɗa foman a sabon reshen, mu biyu aka fi ambata, ni da Nafi'u, abokina da muke hawa adaidaita ɗaya daga Dorayi kowace safiya. Ina son kujerar nan, ba zan ɓoye ba. Na gaji da zaman sito, kuma na riga na faɗa wa matata Binta cewa magana ta kusa, ita kuma ta faɗa wa yayarta, wanda daidai yake da a ba da sanarwa a rediyo.

Wanda zai yanke hukuncin shi ne Sadiq, ɗan mai kamfanin, wanda muke kira Ƙaramin Alhaji. Ya yi karatu a Amurka, ya dawo da takardar digiri da kuma ciwon wani wasa da ake kira besbol. (Idan ba ka san shi ba kada ka damu. Mutum ɗaya ne ke jefa ƙwallo, wani ya make ta da kulki ya ruga a guje, sauran suna tsaitsaye a fili kamar masu jiran mota. Iyakar abin da na sani ke nan a lokacin, shi ma a waya na gani.) Shi da abokansa, 'ya'yan masu kamfanoni a Bompai da Challawa, sun haɗa wata gasa a kwamfuta. Kowa zai zaɓi gwanayen wasan na da da na yanzu ya haɗa ƙungiyarsa, sai kwamfuta ta duba bajintar da kowane ɗan wasa ya yi a zamaninsa ta buga musu wasannin da kanta. Ba gumi, ba targaɗe, sai gardama. Ana gab da farawa wani ya janye, suka shiga neman cikon mutum ɗaya.

Ranar da Sadiq ya shigo sito yana wannan ƙorafin a waya, da na ja bakina na yi shiru da an wuce wurin. Amma da ya ajiye wayar ya ce, kamar da wasa, wanda ya iya haɗa ƙungiya ai ya iya haɗa ma'aikata, sai na ji bakina ya buɗe da kansa.

"Yallaɓai, ai ni ina ɗan taɓa besbol ɗin nan."

Ya juyo ya dube ni da kyau, karo na farko tun da ya dawo ƙasar. "Da gaske? A ina ka san shi?"

"Nan da can dai," na ce. (Wannan amsar ta sha fitar da ni daga rigima. Ranar ita ta jefa ni.)

Ya yi min dogon bayani, rabi Hausa rabi Turanci, ni kuwa ina ta gyaɗa kai kamar ƙadangare. Ban yi tambaya ko ɗaya ba, don a ganina gwani ba ya tambaya. Abin da na tsinta a ciki na haɗa shi da abin da na sani. Samarin kamfaninmu suna wani wasa a waya inda suke zaɓen 'yan ƙwallon Turai, idan ɗan wasa ya ji ciwo da gaske a can, su ma a nan su yi asara. Sai na ɗauka haka wannan yake. Su kuma gwanayen na da, na ƙaddara dattawa ne da suka yi ritaya, suna can ƙasarsu suna ɗan taɓawa ranar hutu, yadda tsofaffin 'yan ƙwallonmu ke haɗuwa ranar Lahadi da tumbinsu, kwamfuta kuma tana ɗauko labarinsu.

Da yamma a cikin adaidaita na ba Nafi'u labari. Ya ce, "Kai da ko langa ba ka iya ba? Ka koma gobe ka faɗa masa gaskiya tun abin bai yi nisa ba."

Na ce masa ƙwallo ai ƙwallo ce. A raina kuwa cewa na yi hassada ce ta motsa, mutumin ya ga na riga shi shiga gaban Ƙaramin Alhaji.

An yi zaɓen 'yan wasa a ofishin ɗaya daga cikinsu a Bompai, ofis mai sanyi da ƙatuwar talabijin a bango, sunaye da lambobi sun cika ta maƙil. Kowa yana ɗaukar mutum ɗaya idan layi ya zo kansa. Ni kuma na zo da ilimin da na gada daga filin unguwa: masu ci ake fara kwashewa, mai tsaron gida kuwa ɗaya ya isa, kuma a ƙarshe ake nemo shi, galibi wanda ya makara ko wanda ba ya iya gudu. Na lura da layin da ke nuna masu buga ƙwallo ta fice daga fili, na bi shi ina kwasa. Sauran kuwa sai ɗaukar masu jifa suke, waɗanda a ganina su ne masu tsaron gidan wannan wasan, wannan bayan wannan, ina musu dariya a zuci. Me za ka yi da tarin masu tsaron gida?

Jamilu, wanda mahaifinsa ke da kamfanin fata a Challawa, ya leƙo ya ce, "Malam, ba ka ɗauki mai jifa ba fa har yanzu."

"Ina sane," na ce, da murmushin wanda ya san abin da wasu ba su sani ba.

"Ku ƙyale shi," in ji Sadiq. "Wataƙila da wata dabara ya zo."

Sai can wajen ƙarshe na ɗauki nawa. Hotonsa baƙi da fari ne, yana da gashin baki murɗaɗɗe kamar ƙahon rago, kuma lambobinsa sun nuna ya yi jifa a wasanni fiye da kusan kowa. A matsayina na mutumin kamfani na ce ga ma'aikaci, ba ya fashi. Na raɗa masa suna Baba Mai Gashin Baki. Da aka zo shafin da ake tsara wanda zai yi jifa kowace rana, na zuba Baba a kowane gurbi. Kwamfuta ta fito da wani jan rubutu, na danna inda ake dannawa idan ana son abu ya tafi, ya kuwa tafi.

Abin da ya ƙara rufe min ido shi ne da farko nasara na yi ta samu. Masu buguna suna ta make ƙwallo, Baba yana jifa da ƙarfinsa, na cinye Jamilu, na cinye mai ofishin Bompai. Sadiq ya fara tsayawa a ƙofar sito yana gaishe ni a gaban mutane. Tafiyata ta sauya, har na fara duba injina da hannu a baya kamar an riga an naɗa ni. Na ce wa Binta ta fara tunanin irin yadin da ya dace da foman.

Daga nan sai abu ya fara juyawa. Jifan Baba ya yi laushi, kowa ya zo sai ya make shi son ransa, ana ta lallasa ni. Na ce shekaru ne, ko kuma ya ga ba shi da abokin takara ya samu wuri. Ban taɓa kawo gajiya a raina ba. Abin dariyar shi ne a duk Sharada ba wanda ya kai ni surutu a kan haɗa wa ma'aikaci aikin safe da na rana. Ni ne na taɓa miƙewa a taron ma'aikata na ce mutum ba inji ba ne, inji ma ana kashe shi ya huce, aka yi min tafi. Sadiq yana wurin ranar.

Wata Asabar da rana aka taru a Bompai don kallon wasana da na Sadiq. Ya gayyato Nafi'u ma, ya ce yana so ya ga mu biyun a wuri ɗaya kafin ya yanke shawarar Challawa. An kawo tsire da lemo. Na sa sabuwar hula. Wasa ya yi nisa, ana ta dukan Baba, sai komai ya tsaya, jan rubutu ya sake fitowa. Jamilu ya karanta ya ce, "Mai jifanka ya ji ciwo a kafaɗa. Shi da wasa sai baɗi."

Gaskiya na ji tausayinsa har zuciya. Na ce, "Subhanallahi. Allah ya ba shi lafiya. Da ma mutum ya manyanta. Yana asibiti ne, ko a gida ake jinyarsa?"

Duk suka juyo gare ni.

"Wa?" in ji Sadiq.

"Baban mana."

Ya dube ni, ya dubi talabijin, ya sake dubana. "Malam, mutumin nan ai ya rasu tun kafin a haifi kakanka."

To, a nan tarbiyya ta yi min aiki. Mu a Dorayi idan ka ji an ambaci rasuwa, jikinka ne ke fara motsi kafin hankalinka ya iso. Kalmar "ya rasu" kawai na ji, maganar kakana ta wuce ta bayan kunne. Na ajiye tsiren da ke hannuna, na goge yatsuna, na miƙe, na yi salati. Sannan na duba wanda ya fi kusa da mamacin, na ga ba wanda ya kai Sadiq, tunda shi ya zauna a ƙasarsu. Na rusuna na miƙa masa hannu biyu.

"Ashe rashi aka yi, Yallaɓai. Ya haƙuri?"

Shi ma ɗan Kano ne, Amurka ba ta cire masa wannan ba. Ya karɓi hannuna ya ce, "Da godiya," kafin ya gane abin da ya faɗa. Ni kuwa na riga na juya wajen Jamilu da hannuna a miƙe, don ba a gaida mutum ɗaya a zaman makoki a bar sauran.

Jamilu ne ya fara. Lemon da ke bakinsa ya fito ta hanci. Mai ofishin ya sulale daga kujera yana dukan kafet. Ina tsaye a tsakiyarsu da hannu a miƙe, sabuwar hula a kai, sai a lokacin maganar kakana ta dawo min, ta zauna daram. Na so ƙasa ta tsage, amma kafet ne mai kauri.

Sadiq yana share hawaye ya yi min bayani, wannan karon da Hausa zalla, cewa kusan duk ƙungiyata suna ƙasa tun tuni, kuma ciwon kwamfuta ce ta ƙirƙiro shi daga lissafin gajiya. Da ya ambaci gajiya sai ya buɗe shafin masu jifana ya duba. A nan dariyarsa ta tsaya.

"Shi kaɗai ka sa? Kullum?"

"Na ga yana da juriya ne, Yallaɓai."

"Ba kai ne ka ce mana mutum ba inji ba ne?"

Sadiq ya rufe shafin.

"Rashin sanin wasan bai dame ni ba," ya ce a hankali. "Amma ka ga yana raguwa a idonka, an ma yi maka jan rubutu, ba ka tambayi kowa ba. Ma'aikatan Challawa fa masu rai ne."

Duk wannan abin Nafi'u bai yi dariya ba. Ya kafa wa silin ido kamar yana neman inda yake yoyo, kuma wannan ya fi dariyar ƙona min rai. Adaidaita ɗaya muka hau daga Bompai, muka ratsa gari. Sai da na sauka a bakin layinmu ya leƙo da kansa ya ce, "Ya haƙuri?"

"Da godiya," na ce. Me zan ce?

Shi aka ba Challawa, kuma ya cancanta. Da na ba Binta labarin duka, ta saurara har ƙarshe ba ta katse ni ba, sannan ta tambaye ni ko mamacin ya bar iyali, don a aika musu da gumba. Kafin sati ya zagayo labari ya cika Sharada. Har yau idan sabon ma'aikaci ya zo karɓar safar hannu, sai ka ga tsofaffin sun koya masa ya miƙo min hannu biyu.

Ban fita daga gasar ba, don Sadiq ya ce in na tafi ba su da wanda za su riƙa cinyewa. Yanzu ina da masu jifa birjik, kuma ina tambaya har su gaji da ni. Abin da na koya shi ne matambayi ba ya ɓata, kuma kafin ka miƙa hannun ta'aziyya ka fara jin yaushe aka yi rasuwar. Baba Mai Gashin Baki ya warke, yana jifa rana ɗaya ya kwanta ya huta sauran kwanakin. Ni kuwa ina nan sito, har Asabar nake zuwa aiki.