Rasuwar Tsawa, Salansar Motar Malam Barau

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kunnuwan da shiru ya dama, Malam Barau direba na Daudawa yana sanar da 'yan'uwa da abokan arziki na Faskari, Ƙanƙara da Sabuwa rasuwar salansar a-kori-kurarsa, wadda aka fi sani da Tsawa. Ta cika ranar Talata da hantsi, a ramin nan na gangaren gadar katako, kan hanyar Yankara, bayan doguwar jinya.

Marigayiya ta kama aiki tun ana tuƙi a hannun hagu, ta ga tafiyar fam, ta ga zuwan naira, ba ta taɓa sauya murya don wani ba. Duk wanda ya zauna da ita shaida ne cewa ba ta iya raɗa ba. Da safe takan yi gyaran murya, "kuhu-kuhu-kuh". In ta kama tudu kuwa sai "bu-bu-bu-BAM!", jakuna su tsinke igiya, zabi su watse.

Kada wani ya ɗauka surutun banza ne. Unguwannin manoma suna can cikin daji, nesa da hanya, kuma ranar kasuwar Yankara ba su da agogo sai ita. Da Baba Asibi mai daddawa ta ji BAM na farko daga gadar katako, sai ta sauke tukunya. Na biyu, ta naɗe gammo. Kafin na uku tana bakin hanya, maƙwabta na biye da buhunan masara. Shekara bakwai Malam Barau bai shiga kasuwa da bayan mota fayau ba. Shi ya sa ko da hon ya mutu, bai ga dalilin gyara shi ba.

Tsatsa ce ta fara cinta a ciki. Zailani makanike ya yi mata faci da gwangwanin madara har sau uku, ya ɗaure ta da waya, daga bisani ya ce babu sauran inda walda za ta kama. Ramin ne ya ƙarasa ta. Kalmarta ta ƙarshe, "fusss".

Washegari Bilya, ƙanen matar Malam Barau, ya kawo magajiyarta daga Ikko, sabuwa fil daga jirgin ruwa. Tana da wata tukunya a tsakiya, cikinta kamar saƙar zuma, wai tana tace hayaƙi kuma iska na wucewa a sake. Gaskiya mota ta ƙara gudu. Sai dai baiwar Allah ba ta magana. Ran kasuwa Malam Barau ya wuce unguwanni biyar kamar ɓarawo, bai tarar da ko kaza ba. Baba Asibi na zaune tana jiran BAM har rana ta take, sai ga wani direba, Gide, da tsohuwar motarsa mai tari, ya kwashe kowa. Malam Barau ya shiga Yankara da akuya ɗaya, ita ma tashi ce. Da yamma Baba Asibi ta aiko da gaisuwa, ta ce ai sun zaci shi ne ya rasu, har an fara tara dawar ta'aziyya.

Marigayiya ta bar tayoyi huɗu, ɗaya mai sanƙo, da lagireto mai yoyo, da hon da ya daɗe da kurumcewa, da mai gidanta wanda bai san ranar da fasinja za su dawo ba.

Za a yi mata sutura da buhun taki ranar Asabar bayan la'asar, a binne ta cikin ramin da ya kashe ta, ko ya ɗan cike. Daga nan Zailani zai shiga ƙarƙashin mota da guduma da ƙusa 'yar inci shida, ya huhhuda sabuwar salansar, Malam Barau na taka totur. Ba za a ajiye guduma ba sai an hango Baba Asibi ta fito bakin hanya da kayanta a ka. Ana roƙon Bilya, saboda lafiyar zuciyarsa, ya yi zamansa a gida.