Jiƙaƙƙen Buhu a Bakin Kwamfutar Surukina

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na yi wa kwamfutar surukina wanka ba. Kafin kowa ya tambaya, laifina ne, ba na janareto ba, duk da cewa shi na ɗora wa a ranar.

Gyaran waya nake yi a Nguru. Amma tun da na taɓa buɗe wata kwamfuta ta tashi (har yau ban san me na taɓa ba), unguwa ta laƙaba mini Injiniya, ni kuma ban musa ba.

Surukina tela ne a Gashua. Yana da keken surfani da wata tsohuwar kwamfuta ke sarrafawa, kuma duk zanen wuyan rigar da ya tara yana cikinta. Keken ba ya jin maganar sabuwar kwamfuta sam. A cikin tsohuwar akwai kati biyu a tsaye kamar kaset, su ne ƙwaƙwalwarta. Da bazara ta kankama sai su ɗauki zafi, ta mutu ana tsakiyar aiki. Ga Sallah ta matso, ga shaddojin mutane jibge.

Matata ta ce, "Baba ya ce ko za ka duba masa."

Na ce, "Gobe war haka an wuce wurin."

Abin da ya kamata in yi ba ɓoyayye ba ne: in tsince ɓurɓushin zaren da ya toshe ƙarfen da ke zuƙe zafin katin, in goge busasshen man da ke ƙarƙashinsa in shafa sabo, in ƙara 'yar fanka. Amma wannan aikin ba ya burge kowa, ni kuwa so nake suruki ya san 'yarsa ta dace.

Da na isa Gashua sai idona ya faɗa kan jarkar ruwan shagon Baba, an naɗe ta da jiƙaƙƙen buhu, ruwanta sanyi ƙalau. Na cire murfin gefen kwamfutar, na rataya buhun a wurin, na ɗora ƙanƙara a samansa, na kunna babbar fanka a bayansa.

Baba ya ce, "Injiniya, ruwa da wuta kuwa suna shiri?"

Na ce, "Baba, ba ruwan ne zai shiga ba, sanyin ne kawai. Kimiyya ce." (Ni da na bar makaranta a aji uku.)

Abin haushin shi ne dabarar ta yi aiki. Keke ya dinga zuba ɗinki a kan shaddar wani Alhaji daga Dapchi, wanda ke zaune yana jira. Na harɗe ƙafa ina yi masa bayanin yadda Turawa ba su gano wannan dabarar ba saboda ba su san zafin Gashua ba. Ban rufe baki ba muka ji tas. Ƙaurin roba ya cika shagon, allura ta tsaya cak a tsakiyar wuyan rigar Alhaji.

Na miƙe na ce, "Janareto ne ya ƙara wuta."

Baba ya dubi ƙwan lantarki yana ci lafiya lau. Ya dubi ruwan da ke ɗiga daga katin. Alhaji ya ce, "Malam, mu dai a Dapchi ruwan sha muke yi wa haka."

Da Baba ya zage ni da na samu sauƙi. Cewa kawai ya yi, "Allah ya kyauta. Ka ci abinci kuwa?"

Na gudu Nguru na lafe, kiran Gashua ma ba na ɗauka. Sai da matata ta gaya mini Baba da hannu yake ƙarasa wuyan rigunan, da idonsa da ba ya gani sosai, sannan na hau mota na koma.

Kati ɗaya ya ƙone. Na shanya sauran kayan, na yi aikin nan marar burgewa da na raina. Kwamfutar ta tashi da kati guda, tana tafiyar tsohon jaki, amma zanen Baba na nan. Na dai gane cewa duk dabarar da ka ga ba wanda ya riga ka, ka fara tambayar dalili.

Na durƙusa a gaban kekensa na ce, "Baba, janareto bai yi komai ba. Ni ne. Ka tambaye ni, na ce kimiyya ce, alhali ban sani ba. Ka yafe mini."