Wendell Prokop, Mai Kwana Bisa Mota

Duk wanda ya zauna a Grand Junction bai san Wendell Prokop ba, to zaman banza ya yi. Maza suna da yawa a yammacin Colorado, amma Wendell namijin duniya ne, ko bai faɗa ba, balle ma kullum sai ya faɗa. Daga Litinin zuwa Juma'a dillalin gidaje ne, yana zagayawa da sababbin ma'aurata yana nuna musu banɗaki da kicin. Sai dai shi a wurinsa dillancin nan tuntuɓe ne kawai, don daji aka haife shi. Ga gemu ya sha mai, ga malafa mai faɗin baki, ga wando mai aljifai har gwiwa, kowane aljihu da wuƙarsa ko igiyarsa, ko da wani bala'i zai auko tsakanin ofis da shagon kofi.

Motarsa kuwa sai wanda ya gani. Ƙatuwar jif ce mai tayoyi kamar na tarakta. A haƙarƙarinta an ɗaure shebur da gatari, a bayanta jarkokin mai, a goshinta injin janyo mota daga rami, a gefe kuma wata doguwar eriya tana rangaji. 'Yan hassada suna cewa har yau fentin kamfani bai goge daga bakin shebur ɗin ba. Suna kuma cewa taɓon da ke jikin motar na bayan wani kangon gini ne, inda Wendell yake bi duk yammacin Juma'a ya faɗa kududdufi da gudu, ya juyo ya sake faɗawa. To, bakin mutane ai ba ya rufuwa. Taɓo dai taɓo ne, kuma ba a taɓa kama shi yana wanke shi ba.

Amma rawanin sarautar yana can sama: tanti ne naɗe cikin baƙin akwati a kan rufin motar, irin wanda ake buɗewa a jingina tsani a hau a kwana. Saboda shi ne abokansa na Ƙungiyar Dilolin Kwazazzabo suka laƙaba masa Sarkin Bene. Da zolaya suka fara, shi kuwa ya karɓa da hannu biyu, har ya sa aka rubuta masa a jikin ƙofa.

Ƙungiyar nan ta masu shiga daji da mota ce, kuma ta daɗe da rabewa gida biyu. Akwai 'yan sama, masu tanti a rufi. Akwai 'yan ja, masu jan tirela, wato ɗan ɗaki mai taya biyu da gado da murhu a ciki. Kowane ɓangare yana ganin ɗayan bai san daji ba, alhali dukansu in kofi ya ƙare sai ka ga an fara haɗa kaya. Laifi tudu ne, kowa ya taka nasa yana hango na wani. Wendell shi ne limamin 'yan sama, kuma ba a taɓa zama an tashi bai yi huɗuba ba.

"Ku dube su don Allah," in ji shi, yana nuna 'yan ja da cinyar kaza. "Mutum ya ce zai tafi daji, sai ya ɗauro gidansa a gindi kamar kunkuru! Firji fa, jama'a. Har da famfon wanka! Wannan ai ba fita ba ce, ƙaura ce. Mu 'yan sama tsuntsaye ne. Inda dare ya same mu, nan ne gida. Ni kwanan da na yi a bakin dutse, iska na kaɗa ni, taurari kamar in miƙa hannu in tsinko, in na ba ku labari ba za ku yi barci ba."

Ba a taɓa ganin wannan kwana da ido ba, amma wannan ma cikin girman mutumin yake. Duk fitar da ƙungiya ta yi, da zarar an ci gasasshen nama, rana ta yi ja, sai Sarkin Bene ya miƙe ya karkaɗe wando. Ya ce shi ba ya iya barci cikin hayaniyar janareta, zai hau can ƙololuwa inda tirela ba ta isa ta je ba. Sai ya ɗauki matarsa Marlene, su ɓace cikin ƙura. Da hantsi ya dawo gemu a taje, yana ƙamshin sabulu, yana ba da labarin damisar dutse da ta yi ta shawagi a ƙarƙashin tsaninsa. Matan ƙungiya kan tausaya wa Marlene, su tambaye ta yadda take fama da hawa da sauka da shekarunta. Ita kuwa ba ta ɗaga kai daga saƙarta. Takan ce ita dai tantin Wendell bai taɓa sa mata ciwon baya ba, kuma duk garin an san Marlene ba ta ƙarya.

Ana nan sai tsoho Orval, Jagaban ƙungiya, ya ce gwiwa ta ci amanarsa, zai sauka. Jagaba ba ƙaramin abu ba ne. Motarsa ce gaba a ayari, shi kaɗai ne ba ya shan ƙurar kowa, kuma in ya yi magana a oba-oba kowa sai ya yi tsit. Wendell ya daɗe yana mafarkin wannan oba-oba. Bisa al'ada, a fitar kaka ake zaɓe, washegarin kwanan farko, da ɗaga hannu. Abokin takararsa kuwa ba bare ba ne: Duane Lindqvist, mijin ƙanwar Marlene, babban ɗan ja, mutumin da tirelarsa ta fi ɗakin wasu kayan alatu. Aibinsa ɗaya ne, bai iya baya da ita ba.

Wurin da aka zaɓa wani fili ne a bakin kwazazzabo, can hanyar garin Moab, mashigarsa ɗaya tal, siririya tsakanin duwatsu biyu. Kowa ya shige lafiya, aka bar Duane a ƙarshe. Ya shigo da kai, ya ga kwanar ta matse, ya ce bari ya ɗan ja baya. Ya murza hagu, tirela ta yi dama. Ya murza dama, ta naɗe kamar wuƙar aljihu. Matarsa na ihu, maza na ta kaɗa hannu kowa da tasa dabarar, har aka ji ƙas! Ƙarfen tayoyin ya karye, tirela ta zauna daram a tsakiyar mashiga, ko keke ba zai wuce ba. Aka yi waya gari, mai janwe ya ce sai gobe da safe.

Da wayar wa aka kira? Da ta Wendell mana. A duk filin nan babu wayar da ke kamawa sai tasa, albarkacin doguwar eriyar nan, wadda ya haɗa da lasifikokin motar don kowa ya ji yadda ake magana da gari daga tsakiyar daji. Daɗi ya kashe Sarkin Bene. Ya ɗora ƙafa ɗaya a kan taya, ya tura malafa ƙeya.

"Duane, ɗan'uwana, ba dariya nake maka ba, Allah ya sani. Amma jama'a ku shaida. Wannan shi ne mutumin da zai ja ku gobe? Wanda bai iya jan gindinsa ba? Shekara da shekaru ina faɗa, tirela kabari ce mai taya. Da a sama kake kwana kamar 'ya'yan maza, da yanzu kana shan iska. Kada ka damu, in na hau kujera zan sa a riƙa koya muku baya-baya ranar Asabar."

Aka yi dariya, har da wasu 'yan ja. Duane ya zauna a kan akwatin ƙanƙara ya yi tagumi. Zaɓe kam ya ƙare tun ba a yi ba. Wendell ya ci nama ya ƙoshi, ya sake ba da labarin damisa, wadda a wannan karon ta zo da 'ya'yanta. Rana ta yi ja. Ya miƙe ya karkaɗe wando kamar kullum, ya laluba makulli, ya juya wajen mashiga. Nan ya tsaya. Sai a lokacin lissafin ya zo masa: tirelar da ya gama yi wa zambo ita ce ƙofar, kuma ƙofar a kulle take.

Tsoro ya kama shi, tsoro na gaske. Ya ce ai akwai tsohuwar hanyar masu haƙar ma'adinai ta baya. Orval ya ce ta rufta tun yana saurayi. Ya ce ƙasar nan a karkace take, ba ta dace da tanti irin nasa ba. Nan da nan aka kawo duwatsu aka saka ƙarƙashin taya, mota ta daidaita. Ya ce iska. Ko ganye ba ya motsi. Kafin ya samo wata hujjar, jama'a sun jawo kujerunsu sun kewaye jif ɗin, 'yan sama suna murna yau limaminsu zai nuna wa 'yan ja yadda ake yi. Ranar wanka ba a ɓoyon cibiya.

Ya taka taya ya kama akwatin. Zip ɗin murfin ya ƙi motsi, rana ta gasa shi ya manne. Da aka samu ya buɗe, sai ga ɗaurin roba na kamfani yana nan yadda aka sayo shi, sai da ya sa ɗaya daga cikin wuƙaƙen nan nasa, wadda ita ma yau ta fara aiki. Ya ja ta hagu, ashe ta dama ake buɗewa. Tanti ya baje da wani wari na rumar shekaru, tsani ya zubo ya doke shi a kafaɗa. Katifa kuwa tana cikin ledarta, sabuwa fil, sai dai ɓeraye sun riga shi kwana a kusurwa ɗaya.

"Da gangan nake barin ledar," in ji shi, murya ta ɗan siranta. "Duk wanda ya san daji ya san wannan. Saboda raɓa."

Saura hawa. To, akwai abin da Marlene kaɗai ta sani: Wendell ko kan kujera ya hau don canja ƙwan fitila sai jiri ya ɗebe shi. In yana nuna gidan bene, daga ƙasa yake tsayawa ya ce wa masu saye su hau su gani da idonsu, shi ba ya son matsa wa mutane. Amma oba-oba na kiransa. Ya kama tsani, ya hau, ya ƙara hawa. Da ya kai tsakiya sai ƙaddara ta sa ya waiga, ya hango bakin kwazazzabo da zurfinsa. Shi ke nan. Ya rungume tsani da hannu biyu, ya runtse ido, ba sama ba ƙasa, tsani na kaɗawa da rawar jikinsa.

Yana nan manne sai wayar ta yi ƙara ta lasifikokin mota. Ya kuwa saita ta tana ɗaukar kira da kanta, don babban matuƙi ba ya sakin sitiyari. Muryar wata mata ta cika filin, har duwatsu na amsawa.

"Mista Prokop? Loretta ce daga masaukin baƙi. Na ga har yanzu ba ku iso ba, na ce ko lafiya. Ɗakinku na kullum yana nan, na ƙasa, kusa da injin ƙanƙara. Na sa maka ƙarin filo biyun nan, na kunna maka abin ɗumama gado. In bar muku makulli a ƙarƙashin tabarma, ko kuna hanya?"

Marlene ta ajiye saƙarta a cinya, ta ɗaga murya yadda lasifika za ta ji.

"Loretta, ni ce. Ki ba wani ɗakin, yau ba za mu samu zuwa ba. Wendell zai kwana a daji. Ki sa shi a addu'a, 'yar'uwa, yau ne farkonsa."

Dariyar da aka yi, Orval sai da aka bubbuga masa baya. Duane, wanda ɗazu yake neman ramin da zai shige, shi ne ya zo ya ɓamɓare yatsun Sarkin Bene daga tsani ɗaya bayan ɗaya, ya sauko da shi kamar mage daga bishiya. Shi ne kuma ya ba shi masauki. A cikin kabari mai taya Wendell ya kwana, a karkace, kai ƙasa ƙafa sama, kuma an ce ya yi minshari.

Da safe aka yi zaɓe. Da aka kira sunan Duane, hannaye suka tashi, ba don ya iya ba, sai don shi aƙalla a gaban kowa yake yin shirmensa. Da aka kira na Wendell, ko Marlene ba ta ɗaga ba, ta ce hannunta na kan saƙa. Amma ƙungiya ba ta wulaƙanta manya. Aka ba shi muƙamin mai rufe baya, motar ƙarshe a ayari, wadda ke shanye ƙurar kowa tun daga fita har dawowa.

Har gobe za ka gan shi a Grand Junction, akwatin na nan a rufi, shebur na nan da fentinsa. Sai dai ya daina bi ta bayan kangon nan ranar Juma'a. Dattin da ke jikin motarsa yanzu na halal ne.