Yadda Za Ka Yi Jinyar Gwiwa Ba Tare Da Ka Motsa Ta Ba

Ɗan'uwa, idan ka gurɗe gwiwa a filin ƙwallo, likitar gashin ƙashi ta miƙo maka roba ta ce ka je gida ka yi ta ja safe da yamma, kwantar da hankalinka, ka faɗo hannu na gari. Na yi maka alkawari, muddin ka bi matakan nan bi da bi, za ka koma fili ka sa rigarka a kira ka a lasifika, alhali ko ɗigon gumi ba ka zubar ba. Ba a bakin wani na ji ba. An gwada dabarar nan a kan mutum mai rai, wani ɗan wasan baya da ake kira Katanga, kyaftin ɗin ƙungiyar unguwarsu, kuma da shi zan riƙa yi maka misali.

Katanga ya fara manyanta. Ya san da haka, gwiwarsa ma ta sani. Tun da ya fara taka leda ƙungiyarsu ba ta taɓa kama hanyar wasan ƙarshe na kofi ba sai bana, shi kuwa ga shi a kwance. In bai miƙe ba kafin ranar, wani sabon ɗan wasa da ake ce wa Sauro ne zai tsaya a wurinsa, kuma irin wannan dama ba ta zuwa wa mai furfura a gemu sau biyu.

1. Karɓi robar da hannu biyu

Ɗakin gashi wuri ne da aka tara kayan wahala aka shafa musu fenti: keken da za ka tuƙa har ka galabaita bai kai ka ko'ina ba, gado mai shimfiɗar leda, da ƙaton madubi don ka ga yadda fuskarka ke komawa in kana shan azaba. Kada ka yi gardama a nan. Duk abin da likita ta faɗa ka ce "to", ka gyaɗa kai kamar ka daɗe kana jiran a ba ka wannan shawara.

Haka Katanga ya yi. Ta ba shi jar roba mai faɗin tafin hannu, ta ɗaura masa agogon da ke ƙirga taku, ta nuna masa yadda zai maƙala robar a ƙafar gado ya riƙa miƙe ƙafa yana lanƙwasawa.

"Kyaftin, ni ba na tambayar mutum ko ya yi atisaye," in ji ta, "don kowa cewa yake ya yi. Robar nake dubawa. Wadda aka ja takan saki ta yi laushi. Wadda aka jefa ƙarƙashin gado kuwa da ƙurarta take dawo min."

Ka lura da kyau, don nan ilimin yake. Robar ake dubawa. Ashe ke nan ita ce mai jinya, kai rakiya ka yi mata.

2. Gwada sau ɗaya, don ka samu na ba da labari

Da Katanga ya isa gida ya maƙala robar ya ja. Bai yi nisa ba wani zafi ya taso daga gwiwa ya bi cinya, har sai da ya ji shi a haƙori. Zafin ma da sauƙi. Abin da ya fi damunsa shi ne duk lokacin da ya miƙe ƙafar sai ya tuna ƙarar da ya ji ranar da ya faɗi, ƙas, kamar an karya busasshen kara. Tsoro ne tsagwaronsa. Amma ƙaton da 'yan wasan gaba ke kauce wa ba zai buɗe baki ya ce yana tsoron roba ba. Kai ma kada ka faɗa wa kowa. In an tambaye ka, ka ce tsoka kake ba hutu.

3. Nemi wakili

Roba ba ta san ƙafar da ke jan ta ba, don haka ka nemo mata wata. Kada ka ba yara, kafin ka juya sun yanka ta sun tafi harbin tsuntsu. Kada ka ba matarka. Katanga ya gwada tasa, ta dube shi sama da ƙasa ta ce, "Na yi maka girki, na yi maka wanki, yanzu kuma in warke maka?" Ta ɗauki bokitinta ta wuce.

Wanda ba shi da inda za shi ake nema. Katanga yana da irinsa a gida: mahaifinsa, tsohon direban babbar mota, wanda zaman tuƙi na shekara da shekaru ya sandarar wa da gwiwoyi. Baba daga ɗaki sai kujerar bakin ƙofa, daga kujera sai ɗaki, yana dogara sandarsa mai kan ƙarfe. Bai taɓa ganin ɗansa a fili ba. Lokacin da yake da ƙafa yana kan hanya, da ya ajiye mota kuma ƙafar ta ƙi. A bakin maƙwabta yake jin labarin wasan, ya yi murmushi ya ce, "Haka nake ji ana faɗa."

Katanga ya durƙusa gabansa ya ce, "Baba, likita ta ce robar nan in ba a jan ta bushewa take yi."

"To kai me ya hana ka ja?"

"Ni na riga na yi nawa na safe. Na yamma ne ake so a samu wata ƙafar daban, kada ta saba da mutum ɗaya."

Baba ya juya robar, ya shinshina ta, ya daɗe yana kallon ɗansa. Sannan ya ce, "Maƙala min a ƙafar kujera."

4. Ɗaura agogon a inda ake motsi

Saura agogo, shi kuwa munafuki ne, duk abin da ya gani sai ya kai wa wayar likita. Kada ka ɗaura shi a fanka. Katanga ya yi haka, washegari likita ta kira tana tambayar abin da ya sa shi gudun da ko doki bai yi ba, kuma a wuri ɗaya yana zagaye. Kada ka ɗaura wa kyanwa, ta fi ka barci.

Mai jan roba shi ya dace da agogo. Baba ya karɓa da murna, don tun da ya bar tuƙi ba wanda ya sake ba shi abu mai lambobi a fuska. Ya fara daga kujera zuwa ƙofar gida. Da ya ga lambar na hawa sai abin ya zame masa kamar mitar mota, ya ce shi bai saba kwana a inda ya tashi ba. Ya kai bakin layi. Ya kai shagon mai aski, inda ya tarar rabin abokansa sun ɗauka ya bar garin.

5. Kai kuma ka yi kama da mai himma

Rataya tawul a wuya. Yayyafa ruwa a gaban riga da hammata kafin baƙi su shigo. Ƙanƙara a kan gwiwa za ka ɗora ta in akwai mai kallo, in babu ka jefa ta a kofi. In abokan wasa sun zo dubiya, ka riƙa magana kana haki, ka ce juriya kake ginawa. Katanga ya ƙware a wannan har golansu ya riƙe masa hannu yana roƙon ya sassauta, kada ya kashe kansa saboda kofi.

Kuma kada zuciya ta dame ka. Masana sun tabbatar a lokacin hutu tsoka take girma. To yi lissafi da kanka: in ɗan hutu yana ƙara ta, ina ga wanda bai yi komai ba sai hutun?

6. Kau da kai daga abin da ke faruwa a tsakar gida

Za ka fara ganin wasu alamu. Tsohon zai tashi daga kujera ba tare da ya kira kowa ya kama shi ba. Zai ce robar nan ta yara ce, a karɓo mai tauri. Katanga ya mayar da ja ya karɓo koriya, ya mayar da koriya ya karɓo baƙa, wadda likita ta ce masu ɗaga ƙarfe take ba. Rannan sai ga mai aski da kansa ya kawo sandar Baba, ya ce tun shekaranjiya ya manta ta a shago.

Matar Katanga ta jingine sandar a bayan ƙofa ta ce, "Maigida, a gidan nan akwai mai warkewa, amma ba a ɗakinmu yake ba."

Ba a amsa irin wannan magana. Katanga ya ji daɗi don mahaifinsa, ya kuma ji kunya har cikin ƙashi, sai ya gyara tawul ya juya fuska bango. Kai ma haka za ka yi.

7. In likita ta ƙi, akwai koci

Ranar awo likita za ta fito da tef irin na tela. Ta zagaya cinyar Katanga ta hagu, ta zagaya ta dama, ta sake komawa ta hagun ko tef ɗin ne ya yi kuskure. Ta ce ya tsaya da ƙafa ɗaya. Ya tsaya yana karkarwa, hannunsa ya lallaɓa ya kama keken nan da ba ya zuwa ko'ina.

"Kyaftin," in ji ta, "roba ta sha aiki, agogo ya sha yawo, cinyarka ce kawai ba ta samu labari ba. Ban san wanda ke yi maka ba, amma ka gaishe min da shi, ya warke. Kai kuwa in ka shiga fili da ƙafar nan, ɗauko ka za a yi."

Yi godiya ka fita. Likitoci ba su san daɗin kofi ba. Wuce kai tsaye wurin koci, mutumin da ya fi yarda da waya a kan idonsa, ka nuna masa lambobin. Kocin Katanga ya duba ya riƙe baki.

"Duk wannan tafiyar kai ka yi ta?"

"Agogo ba ya ƙarya, koci."

Koci ya dafa kafaɗarsa ya ce Sauro ya koma benci.

8. Sa rigarka ka shiga fili

Ka ga alkawarina ya cika. An kira Katanga a lasifika, ya fito da kambun kyaftin a damtse, fili ya ɗauki sowa. Ya ɗaga kai, sai ya hango Baba can a saman matakala. Da ƙafarsa ya zo tun daga gida, ya ƙi shiga mota, agogo na ɗaure a hannunsa. Yana nuna Katanga da yatsa ga na kusa da shi, yana bugun ƙirji. Da ana mayar da lokaci baya, da nan take Katanga ya zauna a kan ciyawa ya ja robar nan har ta tsinke.

Ƙwallon farko da aka cilla bayansa, ya juya zai bi ɗan wasan gaba. Wannan karon ba a ji ƙas ba. Ƙafar ce kawai ta ce ba da ita ba, ta naɗe a ƙarƙashinsa. Yana kwance ya ji ragarsu ta motsa.

Masu gadon ɗaukar 'yan wasa suna can suna gardamar wanda zai riƙe gaba, Baba ya sauko matakala bibbiyu, ya tsallake shinge ya riga su isa. Alƙalin wasa ya yi ta busa usur, tsohon ko kallonsa bai yi ba. Ya durƙusa, durƙuson da ya yi shekaru bai yi ba, ya juya wa ɗansa baya.

"Hau."

"Baba, mutane na kallo."

"Ai sun riga sun gani. Hau."

Ya goya shi ya ratsa filin da shi, jama'a na tafi, ba wanda ya san ko wa ake yi wa. Suna isa bakin layi agogo ya yi ƙara, yana taya Katanga murnar cika tafiyar yini.

9. Karɓi sanda

An ci su, ba sai na faɗa ba. Washegari Baba ya ɗauko sandar daga bayan ƙofa ya miƙa wa ɗansa ya ce, "Riƙe. Aro na ba ka."

Katanga ya sunkuyar da kai. "Baba, tun yaushe ka sani?"

"Tun ranar da ka ce roba na bushewa. Shekara nawa ina fama da taya, ni za ka koya wa roba? Tsoro na gani a idonka. Na ce bari in ja a gabanka, ko ka ga ba ta cizo. Kai kuma sai ka juya kana kallon bango." Ya ƙara da cewa, "Na je na ga ɗana a fili, amma ban ƙoshi ba."

Ya jawo kujerarsa ta bakin ƙofa ya zaunar da Katanga a kai. Ya fito da jar robar nan ta farko, wadda likita ta sake bayarwa, ya maƙala ta a ƙafar kujerar.

"Miƙe. Ni zan ƙirga."

Katanga ya miƙe ƙafar, hawaye na zuba, na zafi da waɗanda ba na zafi ba.

Baba ya ce, "Ɗaya."

Sanarwa

Mai wannan shawara ba ya ɗaukar alhakin kofin da ya kuɓuce, ko kambun da ya koma damtsen wani, ko cinyar da ta rame, ko tsohon da yanzu yake tashin mutanen gida da sassafe yana neman abokin tsere. Ban aike ka ba, ban kuma riƙe maka ƙafa ba. In ka bi matakan nan har ka tsinci kanka a bayan mahaifinka a gaban jama'a, kada ka waiwayo nemana. Ka riƙe wuyansa da kyau.