Rasuwar 'Yar Talatin a Bakin Iyaka

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da baki mai giɓin haƙori biyu, da ɗinki bakwai a goshi, Senan Akpovi, magini a garin Adjarra, yana sanar da 'yan'uwa da abokan sana'a rasuwar abin awonsa, tef mai tsawon mita talatin, wadda magina suka fi sani da 'Yar Talatin. Ta rasu ranar Talata da hantsi tana da shekara goma sha huɗu. Ba jinya ta yi ba. Sara uku aka yi mata da adda, a filin mahaifinsa, a gaban idonsa.

Marigayiyar ta zo hannun Senan ranar da ya karɓi 'yancinsa daga koyon gini. Maigidansa ya zuba masa bulalar sallama a tafin hannu kamar yadda aka saba, sannan ya ɗora masa ita a kan tafin da ke raɗaɗi, sanye da kwanson rawaya, sanyinta ya ratsa shi har ƙirji. Matarsa Afiavi ta sha cewa ita dai ta biyu ce a zuciyarsa, shi kuma bai taɓa samun ƙarfin musantawa ba.

Duk wanda ya yi aiki da ita zai shaida ba ta iya ƙarya ba. Ɗaki in mita huɗu ne da uku da rabi, sha huɗu za ta ce na tayil ɗin ƙasa, sha biyar na gefen bango, ko mai ɗakin zai yi kuka. Ita ta koya wa Senan cewa zagayen wuri daban, cikinsa daban. Ba ta da yawan magana. In an ja ta sai ta ce shuuu, in ana naɗe ta ta ce ƙir-ƙir-ƙir, in ƙugiyarta ta koma gida ta ce tas, kamar mai rufe shari'a.

Ajalinta ya fara ne daga rabon gado. Da tsoho Akpovi ya rasu, shugaban dangi Dah Hunsa ya raba filin tsakanin 'ya'yansa biyu yadda kakanni suke yi: igiya ɗaya aka zagaya kowane kaso da ita, bakinta ya haɗu cif a nan, ya haɗu cif a can, aka zuba wa ƙasa giya, aka ce an yi adalci. Kpadonu, babban wa, mai hawan kwakwar manja, shi ya fara zaɓa. Ya ɗauki dogon da ya miƙe a bakin titi, ya bar wa ƙanensa dunƙulallen da ke baya, yana dariya yana cewa injiniyan laka ya je ya gina akurki a ciki.

Senan ya zo filinsa da 'Yar Talatin zai fitar da harsashi. Ashirin ta ce, ta sake cewa ashirin. Ɗari huɗu ke nan. Idonsa na magini kuwa ya riga ya gaya masa na Kpadonu bai wuce tsawo talatin, faɗi goma ba. Igiyar ba ta yi ƙarya ba, tamanin ta zagaya nan, tamanin can. Amma talatin sau goma ɗari uku ne. Wansa ya cuci kansa da murabba'in mita ɗari, yana tafe yana fahariya.

Da ya gaya wa Afiavi za a mayar da hamsin don kowa ya tashi da ɗari uku da hamsin, sai ta ajiye ludayi. Shekara tara tana girki a baranda a gidan haya, ruwan sama na shiga mata tukunya, kuma hamsin ɗin nan, gefen da ya jingina da filin Kpadonu, daidai wurin kicin ɗinta ne a zane.

"Shi ya zaɓa, Dah ya zuba giya," in ji ta. "Kai ka rufe bakinka, ka rufe na budurwar taka."

Bai rufe ba. Ranar Talatar ya kafa ƙusa a kusurwar filin Kpadonu, ya ja marigayiyar shuuu har ƙarshenta, don ya tabbatar kafin ya yi magana. Kpadonu yana saman kwakwa, ya hango tef kwance a ƙasarsa kamar maciji. Bai tambaya ba. Ya sulalo da gudu har ɓawon itacen ya kware masa cinya, adda a hannu.

"Yaya, tsaya ka ji lissafi," Senan ya ce.

"Ɓarawo da fensir a kunne. Uban namu bai gama ruɓewa ba ka zo yi mini ƙwace?"

Saran farko ya raba ta a mita sha bakwai. Na biyu ya same ta a mita uku. Senan ya faɗa kanta, ƙotar adda ta sauka a bakinsa, haƙora biyu suka tafi cikin jar ƙasa, goshinsa ya haɗu da bulo. Ya ɗaga kwanson ya kare fuskarsa, sara na uku ya tsaga shi gida biyu. Masoya, saran nan kan Senan ya nufa, ita ta karɓa. Ba ta ce tas ba. Cikinta ya zubo waje yana juyi cikin jini, lambobinta baƙaƙe suna kallon sama.

Afiavi ta iso da taɓarya. Ta sauke wa Kpadonu ita a kafaɗa, ta ƙara masa a gwiwa har ya durƙusa, kuma ita da ta ce a rufe baki, ita ta fasa maganar gaban duk unguwa, duka ɗaya lamba ɗaya: nasa ɗari uku, nasu ɗari huɗu, hamsin aka zo ba shi, jaki. Addar ta faɗi. Kpadonu ya zauna a ƙasa yana ƙirga yatsunsa, bai gane ba, sai dai ya ga ba wanda yake dariya.

Marigayiyar ta bar cokalin gini wanda bai taɓa siminti ba tun ranar, da zare, da guduma, da guntun fensir da ya yi aiki da ita shekaru, da gidaje sittin da ɗaya a Adjarra da Porto-Novo waɗanda babu karkatacce ko ɗaya a cikinsu. Ta kuma bar Senan, wanda har yau in ya tashi yakan shafa ƙugunsa na dama ya ji wayam.

Za a yi jana'izarta ranar Asabar da ƙarfe goma na safe. Ankon rawaya ne. Akwai akasa, wato tuwon gasarar masara, da soyayyen kifi da yaji, masu zuwa su bar adda da taɓarya a gida. Abin da ya tsira daga jikinta, daga ƙugiya zuwa mita uku, shi zai auna kabarin, aikinta na ƙarshe ke nan.

Game da inda za a binne ta, an yi zaman dangi jiya. Dah Hunsa ya ce igiya ta gama magana tun tuni, wanda ya zub da jinin ƙanensa kuwa ba shi da bakin neman ƙari, kowa ya gyaɗa kai. Kpadonu yana gefe da ɗaurarriyar kafaɗa, idonsa a ƙasa. Afiavi tana kallon mijinta, shi yana kallon guntun tef a cinyarsa. Senan ya miƙe, iska na fita ta giɓinsa.

"Dah, daga iyaka za a auno mita biyu da rabi cikin nawa, a nan za ta kwanta, kabarinta ne sabuwar iyaka. Biyu da rabi sau ashirin, hamsin. Afiavi, kicin zai koma gabas, da hannuna zan gina miki. Kai kuma Yaya, kai za ka haƙa ramin, da addar nan, ba cebur."