Abin da Na Rubuta a Gefen Littafin Laburare

Ko na tsufa na fara manta sunayen jikokina, ba zan manta da Asabar ɗin nan a falon Anti Rabi ba.

Mu bakwai ne, matan Hausawa mazauna unguwar Edmonton a Landan, muke haɗuwa sau ɗaya a wata mu tattauna littafi (tsakani da Allah cincin da shayi ne suke tara mu, littafin fakewa ce kawai). Anti Rabi ce uwar taron. Nas ce da ta yi ritaya, kuma ita ta riƙe ni lokacin da na zo Landan ban san ko ta wace ƙofa ake shiga bas ba. Da na haihu, sati biyu ta yi a gidana tana dama mini kunun kanwa. Aibinta ɗaya ne, surutu. In ta kira ka a waya, to nemi wurin zama.

Ni kuwa Malama suke ce mini don na karanta adabin Turanci a jami'a, kuma na ɗauki sunan da zafi. Ni na zaɓi littafin watan, wani tsohon labarin Turawan Ingila, irin wanda ba harbi ba gudu, sai ziyarce-ziyarce da shan shayi da tunanin wa zai auri wa. Na aro shi a laburaren unguwa, na zauna karatu da fensir a hannu. A nan Shaiɗan ya matso kusa da ni. Duk wadda na ci karo da ita a labarin sai in ga wata daga cikinmu, sai in rubuta a gefen shafi, da Hausa. Mu nan mun ɗauki Hausa kamar ɗaki mai makulli, ko a jirgin ƙasa gulmar mutum muke yi yana zaune a gabanmu. Wa zai karanta Hausa a laburaren Ingila?

Matar da ba ta da hira sai tsadar labulenta, na rubuta mata Hajiya Binta. Wadda ciwon kanta ba ya tashi sai an zo aiki, Zainab. Da na iso kan wata dattijuwa mai zuba ba waƙafi, har dariya na yi kafin in rubuta: "Anti Rabi sak. Ka tambaye ta ƙarfe nawa, ta fara maka daga ranar da aka haife ta." Na gama, na mayar da littafin ban goge ko harafi ba.

Ranar taro na gyara zama na shiga bayani. Na ce gwanintar mai littafin ita ce ba ta taɓa fitowa ta ce jarumar tana da girman kai ba. Zaunar da kai take yi a cikin kan yarinyar, ka riƙa kallon mutane da idonta, kana raina wanda ta raina, kana dariyar wanda ta yi wa dariya, sai ranar da ta sha kunya ka tarar kai ma da hannunka dumu-dumu. Maganar ta yi mini daɗi a baki, har na maimaita ta.

Duk wannan lokacin Anti Rabi ba ta ce uffan ba, kuma da ina da wayo da wannan kaɗai ya ishe ni gargaɗi. Sai ta sa hannu a jaka ta ciro littafi. Tun daga nesa na gane tabon shayin da na yi masa a bango.

"Malama, ni ma na yi borrowing a library," ta ce. "Nawa har da sharhi ya zo."

Ta sa tabarau ta fara karantawa, shafi bayan shafi, ba ta tsallake ko ɗaya ba. Hajiya Binta ta ajiye cincin ɗin da ta ɗauka. Zainab tana ta ƙyaƙyata dariya har aka zo kan nata. Na so in ce ba rubutuna ba ne, amma a Edmonton kaf, mutum nawa ne suka san labulen Hajiya Binta kuma suke aron irin wannan littafi? Ita Anti, nata ta bari ƙarshe. Ta karanta shi a hankali, ta rufe littafin.

"Kowa kin samo mata tata. Ita yarinyar mai ganin laifin kowa fa, ban ga kin rubuta komai a gefenta ba. Ko fensirin ne ya ƙare?"

Washegari na je na durƙusa na ba ta haƙuri, ta ce ba komai, ya wuce. Sauran ma sun ɗan yi fushi suka huce, Hajiya Binta har labule ta canza. Amma wayar Anti ta koma minti ɗaya. Ta tambayi lafiyata da ta yara, sai ta ce, "To 'yar nan, kar in cika ki da surutu," ta kashe. Wallahi da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi. Sai a lokacin na gane surutun nan ne ya hana kaɗaici cinye ni shekara tara a ƙasar mutane. Na koma ni ke kira, ina jan ta da tambayoyi, tana ba ni amsa guntu-guntu.

Wata huɗu muka yi a haka. Ran nan ta manta kanta a kan wata doya da ta sayo a Peckham ta tarar cikinta ya ruɓe. Daga doya ta wuce mai shagon, daga mai shagon ta wuce wani maƙwabcinsu na Zariya da ya rasu tun ban zo duniya ba. Awa ɗaya da kwata tana zuba a waya, ina tsaye a kicin ina share hawaye, ina cewa, "Sai aka yi yaya, Anti?"

Na so in ce muku na daina ganin mutane a cikin littattafai, amma ƙarya zan yi. Har gobe ina ganinsu. Sai dai yanzu kafin in nemo wa kowa tata, nakan fara duba wadda ta fi kowa ban haushi a labarin, don galibi a nan nake tarar da kaina.